Tambaya da Amsa: Shin Ya Dace Ofishinmu Ya Koma Manhajar Intanet?

Tambaya: Ina aiki a ofishin masu zanen gine-gine a Ikeja, ayyukanmu kuma suna Lekki. Zane-zanenmu sun warwatse a WhatsApp, har wata rana magina suka kafa ginshiƙi da tsohon zane. Maigidana yana son mu koma manhajar tsara aiki mai ajiya a intanet. Ko ya dace? — Mai karatu daga Agege.

Amsa: Malam, ya dace, domin babban amfaninta shi ne zane ɗaya tak zai zama na ƙarshe, injiniya da ɗan kwangila su buɗe shi a waya suna tsaye a filin gini, ba sai wani ya kwashe rabin yini a cunkoson gadar Third Mainland da nadaɗɗiyar takarda a hammata ba.

Sai dai manhajojin ba ɗaya ba ne. Trello da Asana sun ƙware wajen raba aiki da tuna wa'adi, amma idan da Revit, wato manhajar zanen gine-gine ta kamfanin Autodesk, kuke zane, Autodesk Construction Cloud ta fi dacewa, kodayake tana da tsada, kuma farashin irin waɗannan yakan bi dala. Manyan zane-zane suna cin data sosai, saboda haka ku tanadi layin intanet na biyu.

Ku fara da gini ɗaya, ku naɗa mutum guda mai ɗora sabon zane, sannan ku taƙaita masu ganin bayanan abokan cinikinku, domin dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora muku wannan nauyi.