Kabureta ta hannu a kan Boxer

Malam, ka ce an yi maka tayin kabureta Keihin PWK 28 ta hannu a Ƙofar Ruwa, kana so ka ɗaura wa Boxer ɗinka. Gaskiya ta yi masa girma. Injin 100cc ba ya jan iskar da bakin milimita 28 ke buƙata, sai ya riƙa shaƙewa in ka murɗa totur, ga shan mai. Nemi ƙarama, kusa da girman tasa ta asali.

Sannan jabun Keihin sun yi yawa. Kafin ka biya, sa bakanikenka ya kwance ta a gabanka. Taɓa silaid ɗin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikinta in an murɗa totur, da yatsa. In yana lilo a raminsa, ta cinye, sulo ba zai zauna ba. Ku yi sharaɗi da mai sayarwa a gwada ta a kan babur, in tana yoyon mai ka mayar masa.