Tambaya da Amsa: Ina So In Zama Malamar Jami'a Mai Binciken Magunguna

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gama digirin farko a kemistiri, yanzu ina hidimar ƙasa. Burina in koyar a jami'a, in kuma shiga binciken samar da sabbin magunguna. Wasu sun ce mini sai wanda ya karanta harhaɗa magunguna. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kada maganarsu ta karya miki gwiwa, kemistirin da kika karanta shi ne ginshiƙin wannan fanni. Farfesa Kelly Chibale, ɗan ƙasar Zambiya, kemistiri ya karanta har digiri na uku a Jami'ar Kambirij. A 2010 ya kafa cibiyar binciken magunguna ta H3D a Jami'ar Kef Tawun da ke Afirka ta Kudu, inda suka jagoranci samar da MMV048, sinadarin yaƙar zazzaɓin cizon sauro da ya kai matakin gwaji a jikin mutane.

Hanyar sananniya ce: digiri na biyu, na uku, sannan shekara biyu ko uku kina bincike a ƙarƙashin wani gogagge. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da sashe na wannan fanni. Idan kuma kika samu aikin koyarwa a jami'ar gwamnati, TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na ɗaukar nauyin ƙaro karatun malamai.

Amma ga inda nake so ki buɗe kunne. Ɗalibanmu da yawa suna jiƙa sassaƙe ko ganye, su tace, su gwada a kan ƙwayoyin cuta, su ga ya kashe su, su wallafa takarda, shi ke nan. Wannan yana ci mini rai, domin nan ne ainihin aikin ya fara. Wane sinadari ne a ciki ya yi kisan? Yaya siffarsa take? Hanta tana rusa shi da wuri? Yana da guba?

Dubi tazargade. A 1972 Tu Youyou da abokan aikinta a ƙasar Sin suka ware sinadarin artemisinin daga cikinsa. Yana kashe ƙwayar maleriya sosai, sai dai ba ya narkewa da kyau a ruwa ko a mai. Sai da masana suka gyara wani ɓangare na siffarsa aka samu artemether da ke cikin Coartem, da artesunate da ake yi wa mai zazzaɓi mai tsanani allurarsa. Wannan gyaran, a sauya nan a gwada, a sake sauyawa a sake gwadawa, shi ne sana'ar da kike nema. Ita kuwa Tu sai a 2015 ta karɓi kyautar Nobel.

Ki sani magani ɗaya kan ci shekara 10 zuwa 15 kafin ya shiga kasuwa, kuma kusan tara cikin goma na waɗanda aka fara gwadawa a jikin mutane ba sa kai labari. Ga koyarwa da duba jarrabawa da neman kuɗin bincike suna jiran ki.

Don haka wajen zaɓen malamin da zai kula da bincikenki, kada sunan jami'a ya ruɗe ki. Ki karanta abin da ya wallafa kwanan nan, ki tambaye shi ko ɗalibansa suna haɗa sinadarai da hannunsu, da kuma inda suke samun na'urar NMR da ake tantance siffar sinadari da ita. Allah ya yi miki jagora.