Tambaya da Amsa: Ruwan sama ya ragu, me ya sa kogi ke cin gidajenmu?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayo albasa daga Galmi in sayar a Yamai, kuma na fi shekara 20 ina zaune a Harobanda. A damanar 2020 ruwa ya shigo mana har cikin ɗaki, sai da muka yi makonni muna kwana a ajin lakkol. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mu da muka tashi a Adar mun ga yunwar El Buhari ta 1984 da idonmu, kuma duk tsohon da ka tambaya zai ce maka ruwan sama na yanzu bai kai na zamanin iyayenmu ba. To wannan ruwan da ke cin gidajenmu daga ina yake fitowa? Na biyu, ɗiyata ta gama mastar a Jami'ar Abdou Moumouni, ta ce za ta ƙara shekara 3 ko 4 tana neman digirin dokta a kan canjin yanayi da itatuwa da ruwan ƙoramu. Uwarta ta ce awon ruwan ƙorama ba zai ciyar da kowa ba. Ni na rasa ta cewa.

Wani uba, Harobanda, Yamai

AMSA

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar muku da alherin abin da ruwa ya ci, ya kiyaye gaba. Tambayoyinku biyu a igiya ɗaya suke, domin abin da ya ɗaure muku kai shi ne ainihin abin da ɗiyarku ke son ta zauna ta warware.

Tsofaffi ba su yi ƙarya ba. A shekarun 1970 da 1980 ruwan sama a Sahel ya ragu da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari idan aka gwada da na shekarun 1950 da 1960, har a watan Yunin 1985 kogin Isa, wato kogin Neja, ya tsaya cak a nan Yamai. Amma masu awon ruwa sun lura da wani abin mamaki tun a lokacin: cikin wannan farin, ƙananan kogunan Sahel sai ƙara kawo ruwa suke yi. Sirba da Dargol da Gorouol, waɗanda ke gangarowa daga wajen Burkina Faso su faɗa Isa a sama da Yamai, sun riƙa cika fiye da yadda suke yi a shekarun wadata.

Dalilin yana ƙarƙashin ƙafarmu. Ku tuna dajin garinku lokacin kuna yara, sabara da geza da kalgo sun rufe tudu, ga saura da ake bari ta huta shekaru. Ruwa in ya sauka a irin wannan wuri, ganye ne ke fara tare shi, sai ya bi ramukan gara da hanyoyin saiwa ya nutse. Da fari ya kashe wasu itatuwan, gatarin masu itacen girki ya cinye wasu, jama'a ta yi yawa har gona ta daina hutawa, sai ƙasa ta zauna tsirara. Ɗigon ruwa yana dukanta yana farfasa ta, laka mai laushi ta toshe ƙofofinta, rana ta gasa, ta yi ɓawo. Shi ne fako.

Lokacin da nake nawa karatun na yi damana 3 a gefen wata ƙorama gabas da Yamai. Wata rana bayan ruwan dare mai ƙarfi, na fita da sassafe da hauya. Na sari fako, ban kai tsawon ɗan yatsa ba na tarar da busasshiyar ƙasa tana ƙura. Na yi taku goma zuwa gindin wata sabara inda karan hatsi ya taru gara ta yi gini, na tona har gwiwar hannu, danshi bai ƙare ba. Hadari ɗaya ne ya zubar musu. Duk ruwan da fakon nan ya ƙi sha, cikin dare ya bi ƙorama ya tafi da jar ƙasa da yashi.

Irin wannan ruwan ne ya shigo muku ɗaki, Alhaji. Kun fi ni sanin cewa Isa sau biyu yake cika a Yamai. Akwai ruwan Gine, wanda ke tasowa daga tsaunukan can, ya bazu cikin fadamun Mali wajen Mopti ya yi watanni yana jan ƙafa, sai Disamba ko Janairu ya iso mana a natse. Akwai kuma jan ruwa na Agusta da Satumba, na su Sirba, mai zuwa da gaggawa. A da ruwan Gine ne babba. Yanzu jan ruwa ne ke karya ganuwa, kamar yadda aka gani a 2010 da 2012. A Satumbar 2020 ma'aunin kogi na Yamai ya kai santimita 700, alhali daga 620 ake shelar jan gargaɗi. Yashin da ƙoramu ke jibgewa cikin kogi kuma yana rage masa ciki.

Sai dai zan ɗan gyara muku magana ɗaya. Daga shekarun 1990 ruwan sama ya fara dawowa, amma ya dawo da sabon hali: kwanakin ruwa kaɗan, kowane da ƙarfin gaske. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan Adam tun daga 1982, ya nuna cewa manyan hadura mafi tsanani a Sahel sun ninka sau 3 cikin shekara 35, kuma ya danganta hakan da ƙaruwar zafin Sahara. Ga ƙasa ta yi ɓawo, ga sama tana juye kaya lokaci guda.

To a nan aikin ɗiyarku ya shigo. Cikin ruwan da ya ƙaru a ƙorama, nawa ne laifin sama, nawa ne laifin ƙasa? Amsar tana bambanta daga kwari zuwa kwari, kuma a kanta ne ake yanke inda za a zuba kuɗi: ganuwa a bakin kogi ko gyaran tudu. Za ta zaɓi kwari ɗaya, ta kafa ma'aunan ruwan sama, ta kafa sandar awo a ƙorama, ta riƙa zura igiya a rijiyoyi. Za ta jera hotunan jirgin sama na shekarun 1950 da na tauraron Landsat da ya fara aiki a 1972, ta ga inda daji ya koma gona, inda gona ta koma fako. Sannan ta gina lissafi a kwamfuta mai kwaikwayon kwarin, ta zuba ruwan saman yau a kan dajin 1960 ta ga abin da ƙorama za ta kawo, ta kuma juya gwajin. Damana ɗaya ba ta isa shaida, shi ya sa shekarun suka yi yawa.

Aikin yana da wuya don ruwa ba ya bin zaton mutum. A gabashin Yamai, inda ƙoramu ba su kaiwa kogi sai dai su ƙare a tafki, ruwan rijiyoyi ya hau da kusan mita 4 tsakanin 1963 da 2007, duk da fari, domin abin da fako ya koro yana taruwa a tafki ya nutse ta ƙasansa. Rijiya ta samu, gonar tudu ta rasa. A Adar ɗinku kuma akwai abin koyo da yawa: aikin gyaran ƙasa na Keita da aka fara a 1984, jerin itatuwan tare iska na kwarin Maggia tun 1975, ramukan tare ruwa na tassa da rabin wata na wajen Illela da Badaguichiri, da sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa ya girma a gona, da ya dawo da gawo cikin gonaki. Ido ya ga amfaninsu a kan hatsi. Ni abin da ke ci mini rai shi ne yawancin ƙoramunmu ba su da mai auna su shekara da shekaru, don haka ko an gyara tudu, da wuya a ce ga yawan ruwan da aka hana gudu. Na taɓa rasa awon wata guda cur saboda an tumɓuke mini sanda, ban kuwa zargi kowa ba, don ban zauna na yi wa mutanen garin bayanin amfaninta ba tun farko.

Game da maganar Hajiya, tana da gaskiyarta, kuma ba zan yi muku alkawarin dukiya ba. Amma ƙofofin aikin suna nan, yawancinsu cikin garin da kuke zaune. Cibiyar AGRHYMET mai nazarin yanayi da ruwa da noma tana Yamai tun 1974, hedkwatar Hukumar Kogin Isa ta ƙasashe 9 tana nan, ga ma'aikatar ruwa, ga hukumar hasashen yanayi, ga madatsar Kandadji da aka fara ginawa wajen Ayorou, ga koyarwa a jami'o'in jihohi. Kafin ku sa albarka, ku zaunar da ita ku tambaye ta: wane malami ne ya yarda ya duba aikin, wa zai biya kuɗin mota da kayan awo, wane kwari ta zaɓa, kuma akwai tsaro a can? Wannan ta ƙarshen kada ku sassauta, domin wurare da dama a jihar Tillaberi ba su shiguwa yanzu. In ta amsa waɗannan dalla-dalla, ni a ganina ku bar ta ta yi.

Ina kuma roƙonku abu ɗaya. In za ku Galmi sayen albasa, ku tafi da ita har garinku, ku haɗa ta da masu haƙar rijiya da tsofaffin manoma. Su faɗa mata gaba nawa ake zura guga kafin El Buhari, gaba nawa yanzu, wace shekara ƙorama ta fara cin gonar wane, ina kurmin geza yake a da. Ku ce ta riƙo littafi da alƙalami, kuma ku fara ba ta naku.