Amsa ga mai tambayar koyon faɗa a gida ba tare da kayan jim ba

Salamu alaikum. Ƙanena da ya yi tambaya cewa shina son koyon karate ko damben Turawa amma ba shi da kuɗin jim, wato gidan motsa jiki, kuma ba kulob kusa da unguwarsu, ko kayan gida za su wadatar, to bari in ba ka abin da na sani don na daɗe cikin harkar nan tun muna samari a nan Sakkwato.

Za su wadatar wajen gina jiki, wannan ba ko shakka. Ita kanta karate ɗin daga tsibirin Okinawa na ƙasar Japan ta fito, kuma kafin malamin karate Funakoshi ya je ya nuna ta a Tokyo cikin 1922 galibi a tsakar gidaje mutane ke koyonta, kayan atisayensu kuwa tulu ne da dutse da gungume. Tulun sukan kama bakinsa da yatsu su yi ta tafiya da shi don ƙarfin riƙo, kai ma in akwai tsohon tulu gidanku gwada ka ji yadda damtsenka zai ɗau zafi. Haka 'yan dambenmu da 'yan kokawa, wa ya taɓa kai su jim? Noma da fawa da jan guga sunka gina su.

Jarka ita ce ta farko. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan jarkar masu kura mai lita 25 in ta cika kilo 25 ka ɗauka, kuma daɗinta kai ke rage nauyin da kanka, ka fara da rabi ka rungume ta a ƙirji kana tsugunawa kana tashi, ruwan na kai da komo ciki dole ƙugunka da cikinka su yi aiki. Ka je wurin mai faci ka roƙi tsohon tib na mashin ka ɗaure a ƙarfen taga kana ja kamar kana kai naushi. Taɓarya kuma ka riƙe ta ta ƙarshe guda kana ɗagawa a hankali kana juyawa, wuyan hannu take gyarawa, amma don Allah ka nemi izinin Inna tukuna. Igiyar tsalle kam ko ta shanya ta isa.

Inda nake so ka natsu ka saurare ni shi ne maganar buhun naushi da hannunka, don nan ne yara ke nakasa kansu. Kar ka cika buhu da yashi zalla. Yashi in ya kwana a rataye sauka yake ƙasa ya dunƙule ya yi tauri, ka kai mai naushi wuyan hannunka ne zai sha. Je wurin tela ka kwaso ƙyallayen da yake zubarwa, ka haɗa da dusar katako daga wurin kafinta, yashin ɗan kaɗan ka ƙulle shi cikin leda ka sa tsakiya don nauyi, ka zura buhu cikin buhu sannan ka rataya a reshen dogon yaro mai kauri. Kuma ka naɗe hannu kullum, ko da tsohon rawani ne ka yaga shi tsawo, ka zagaye wuyan hannu sosai kafin ka hau kan yatsu. Ɗan dambe ma da ka gani ba ya shiga fili sai ya sa ƙyalle ya ɗaure da igiya. Naushin ya sauka kan gaɓoɓin manuniya da ɗan tsakiya, hannu a miƙe, don ƙashin da ke bayan ƙaramin yatsa siriri ne kuma shi ne ya fi saurin karyewa. Akwai wani yaro da munka yi atisaye tare, ya ga bidiyo a waya ya dinga dukan bangon bulo wai hannunsa ya taurara, ƙarshe sai wurin mai ɗori, har yau yatsan bai dunƙulewa daidai kuma ɗinki ne sana'arsa, abin na damuna duk sanda na tuna. Gungumen da mutanen Okinawa ke duka, makiwara, katako ne mai lanƙwasawa an naɗe kansa da igiyar ciyawa, shina ba da baya in an doke shi. Bango ba ya ba da baya.

Ƙafa kuma, in rani ya yi ruwan gulbin Rima ya ja, yashin wajen Kwalkwalawa ya fi kowane inji, gudu kaɗan ciki za ka san kana da cinya. Ku tafi ku biyu ko uku, da safe. A gida ka zana gicciye a ƙasa da gawayi kana shiga kana fita kana kaucewa gefe, hannu sama yana tsare haɓa. Lokaci kam bayan sallar asuba ne, ka san zafin garin nan daga Maris zuwa Mayu yana wuce digiri 40, wanda ya ce zai yi atisaye da rana tsaka neman faɗuwa yake. Da azumi ka mayar da shi bayan tarawihi kuma ka rage.

Abin da kayan nan ba za su ba ka ba shi ne ido da sanin tazara, buhu ba ya ramawa. Wannan sai da mutum. Ka sami aboki mai hankali, ba mai son nuna ƙarfi ba, ku riƙa wasan taɓa kafaɗa da buɗaɗɗen hannu, kowa na ƙoƙarin taɓa ɗan'uwansa ya kauce, ba dukan kai, in kokawa ce a kan yashi mai laushi. Sannan ko sau ɗaya a wata ka leƙa filin wasa na Giginya ka tambayi masu motsa jiki a can wa ya san harkar, ka tsaya gabansa ya duba tsayuwarka ya gyara maka, don abin da jiki ya saba da shi a karkace wuyar gyara gare shi.

Ka ambaci sanda ma cikin tambayarka. Ka juya ta cikin gida iya son ranka, amma kar ka fita da ita titi da dare, halin da ake ciki yanzu 'yan sintiri ba za su tsaya jin cewa atisaye kake ba. Allah shi taimaka, in ka haɗa buhun ka turo hotonsa nan mu ga yadda ka rataye shi.