Tambaya da Amsa: Tiraka za ta nuna mini mai zuƙe mini mai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Kanta uku da a-kori-kura ɗaya. Muna kwaso riɗi da zoɓo daga ƙauyukan Taura da Gagarawa zuwa Dawanau, ranar Lahadi kuma muna lodi a Gujungu. Kuɗin man da nake bai wa direbobi kullum sai su ce bai kai ba. An ba ni shawarar in sa wa motocin tiraka, wato na'urar bin sawun mota, a ɓoye. Za ta nuna mini wanda ke zuƙar man? Daga wani mai motoci a Taura.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a nema.

Tirakar da aka saba sawa ba ta ganin cikin tanki. Ƴar na'ura ce da ba ta kai tafin hannu ba, mai wayarin ke jona ta da batirin mota. Tana sauraron taurarin ɗan'adam na GPS da ke shawagi sama da kilomita 20,000 a samaniya, kuma sai ta ji aƙalla guda 4 take tantance inda mota take. Daga nan layin waya da ke cikinta ya turo maka bayanin a wayarka: hanyar da aka bi, gudun da aka yi, inda aka tsaya da tsawon tsayuwar, da lokacin da inji ke kunne mota na tsaye.

Wannan kaɗai ya isa ka fara lissafi. In ka san lita nawa Kantarka ke sha daga Gujungu zuwa Dawanau da cikakken lodi, ga kuma kilomitar da ta yi a zahiri, giɓin zai fito da kansa. Amma in so kake ka ga daren da aka zura tiyo aka cika jarka, sai an ƙara na'urar auna mai, yawanci wata sanda ce da ake huda tanki a saka. Kuɗinta daban ne. Ka tsaya a kai ranar da za a saita ta, a riƙa zuba mai lita-lita ana rubutawa, don in aka yi saitin a gurguje za ta yi ta yi wa direba ƙazafi, musamman a hanyar burji inda mai ke tangal-tangal a tanki.

Batun ɓoyewa ne ban goyi baya ba, kuma ina da dalili. Ni ke riƙe wa Yayana lissafin motocinsa a wajen Gumel. Wata Alhamis da damina, motarmu ta taso daga kasuwar Maigatari, sai na ga ta saki titi ta shiga daji, ta tsaya kusan awa uku. Raina ya ɓaci. Kafin direban ya iso na riga na kai ƙararsa wurin Yaya cewa lodin gefe yake yi. Ashe buhunan da mu da kanmu muka yi alkawarin ɗauka ya bi wani ƙauye ya kwaso, ruwa ya ci hanya, motar ta kafe, shi da yaron mota da mutanen gari suka yi ta haƙa har la'asar. Mutumin ya shekara bakwai tare da mu. Da ya gane an sa masa na'ura ba a gaya masa ba, cewa kawai ya yi, "Ashe haka kuka ɗauke ni." Har yau in na tuna kunya nake ji.

Don haka ka tara direbobinka, Alhaji, ka nuna musu taswirar a wayarka. Ka gaya musu ita ce shaidarsu ran da mai kaya ya ce an makara, ita ce kuma za ta nuna inda za a kai musu bakanike in mota ta lalace cikin dare. Mai hannu a tanki zai janye da kansa in ya san ana gani.

In mota ta shiga inda babu sabis, kada hankalinka ya tashi. Yawancin na'urorin suna adana bayanin, su turo da zarar sabis ya dawo. Layin da ke ciki kuwa a yi masa rajista da lambarka ta NIN, ka riƙe lambar layin a hannunka, kada data ta yanke, kuma ka tambayi kuɗin sabuntawa na shekara tun kafin a kwance waya ko ɗaya.

Masu saka tirakar za su yi maka tallar kashe inji daga waya. Yana da amfani in an sace mota, amma ka sa a saita shi yadda ba zai kama ba sai mota ta tsaya ko ta rage gudu sosai. Kanta ɗauke da riɗi tana gudu a hanyar Ringim, inji ya mutu, sitiyari da birki yin nauyi suke, ga rayuka a ciki da waje. Lambar sirrin kashe injin kuma kada ta wuce kai da mutum ɗaya da ka yarda da shi.