Tambayoyinku: Kayan Adon Yara Da Kwaɓin Fulawa Da Gishiri

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina so in yi ƴan kayan ado na kwaɓin fulawa da gishiri tare da yarana a wannan hutun. Yaya awon yake? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Fulawa gwangwani 2, gishiri gwangwani 1, ruwa ƙasa da gwangwani 1. Gwangwanin madara ya wadatar, muddin da shi kika auna duka ukun. Fulawar ta zama zalla, babu yis babu hodar kek. Gishirin kuma mai laushi. In mai tsakuwa ne a hannunki, ki daka a turmi ki tankaɗe, don kada fuskar abin ta fito da kaushi kamar bangon da ba a yi wa shafe ba.

Ki cuɗa fulawa da gishiri a bushe tukuna, sannan ki riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan, domin kowace fulawa da irin shan ruwanta. Ki murza minti 10 cur. A nan aka fi yin ha'inci, alhali nan ne aikin yake. In ya daina kama hannu, kuma kika lanƙwasa shi bai tsage ba, ya yi. Sai ki barbaɗa fulawa a tire, ki baje shi da kwalba ya kai kaurin rabin santimita, kamar na cincin. Yara su yanka da bakin kofi ko murfin kwalba, ko su fitar da wata, tauraro, ganye, harafin farko na sunansu. Ramin rataya kuwa tun yana ɗanye ake huda shi da bututun biro. In ya bushe ba ya huduwa, sai dai ya fashe.

Tambaya: Mun sa namu a obin, wasu suka kumbura kamar fanke, wasu suka dare. Ina kuskuren yake? Daga wata malamar firamare a Katsina.

Amsa: Malama, wuta ce ta yi yawa. Ba gashi ake yi ba, busarwa ake yi. Da zafi ya yi yawa sai fatar sama ta ƙafe da wuri, ruwan ciki ya zama tururi ya rasa mafita, shi ne kumburin. Ki bar obin a kan digiri 100, awa 2 zuwa 3, ki juya su a tsakiyar lokacin. Tukunya da yashi irin ta gashin kek tana yi, amma garwashi kaɗan, kuma sai an tsaya a kai.

A ganinmu busarwar iska ta fi, musamman da hunturu: kwana 3 ko 4 a inuwa, ana juyawa safe da yamma. Kada dai a shanya su a tsakar rana tun ranar farko. Fatar sama za ta bushe ta tsuke, ciki na nan jiƙe, sai tsaga ta biyo baya. In kina son ki gane ya bushe, ki ƙwanƙwasa shi da farce: ƙara za ki ji, kuma babu tabon danshi a bayansa. Ƙaramar tsaga tana gyaruwa, ki dama ɗan kwaɓi da ruwa ya yi kamar koko mai kauri, ki cike ta da yatsa.

Tambaya: Ina so in ajiye shatin tafin hannun jikata mai wata 8. Zai yiwu? Daga wata kaka a Maraɗi.

Amsa: Sosai ma, Kaka. Amma wannan ya fi kauri, santimita 1 da rabi, a zagaye kamar waina babba. Ki danna tafin, sannan yatsu ɗaya bayan ɗaya, ki ɗaga hannun sama ɗoɗar kada ki ja. In yarinyar ta dunƙule hannu, ki jira ta yi barci. Suna da kwanan wata da tsinke ake rubutawa. Busarwarsa tana kai mako guda.

Ki wanke mata hannu nan take, kafin ta kai baki ko ido. Gishirin da ke cikin kwaɓin nan ya fi ƙarfin cikin ƙaramin yaro, haka ma kare da kaji, don haka a ɗauke ragowar daga ƙasa.

Tambaya: Na yi da rani sun yi kyau, da damina ta kama sai suka yi laushi. Daga wata mai karatu a Kumasi.

Amsa: Halin gishiri ke nan, ƴar'uwa, yana zuƙar danshin iska, yadda na girki yake jiƙewa a watan Agusta. Garuruwa masu laima irin naku abin ya fi tsanani. Ki mayar da su obin a ƙaramar wuta awa 1, su huce. Fenti na akrilik, mai kauri irin na masu zane, za ki shafa, ba mai ruwa-ruwa ba, don shi yana jiƙa kwaɓin. Bayan fentin ya bushe sai banish irin na kafintoci, shafi 2 ko 3, gaba da baya da gefe, har cikin ramin zaren, domin ta nan danshin ke shiga. Babba ne zai shafa banish, a waje inda iska ke kaɗawa. Wanda ya riga ya yi fumfuna a zubar da shi. Sauran ki sa su a roba mai murfi, ki jefa ƴar jakar tsotse danshi ɗin nan da ke zuwa a kwalin sabon takalmi.