Gashin da ke wuyan rigar sanyi: me ya sa ake yaƙi da shi, kuma ina ya shafe mu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina sayar da rigunan sanyi na gwanjo a Kasuwar Barci. A hunturun nan wata ɗaliba ta ɗauki jaket mai gashi a bakin hula, ta shafa, ta ajiye, ta ce ita ba ta sa gashin dabba, wai a Turai ma an hana. Da gaske ne? Kuma abin zai taɓa sana'ar ƙanena, baduku ne mai ɗinka takalma da jakunkuna?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗalibar nan ba ta yi ƙarya ba, sai dai maganar tana buƙatar a warware ta.

Abin da ake yaƙi da shi tun farko shi ne kiwon dabba don gashinta kawai. Mafi yawa wata 'yar dabba ce da ake kira mink, mai kama da tunku, sai yanyawa irin ta ƙasashen sanyi. Mink dabba ce mai son ruwa, mai yawo ita kaɗai a gaɓar rafi. A gonakin nan kuwa cikin kejin waya ake haihuwarta, a ciki take rayuwa, ƙafarta ba ta taɓa taka ƙasa ba. Da ta kai wata shida zuwa takwas, gashin sanyi ya cika, sai a shaƙe ta da iskar gas, yanyawa kuma a kashe ta da lantarki, duk don kada fatar ta yi tabo. Riga guda tana cin gommansu. Ni da aikina duba lafiyar dabbobi ne, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda suke kai-komo a kejin ba tsayawa, wasu har su ciji jelarsu. Duk makiyayi ya san dabbar da ke cikin hayyacinta ba ta yin haka. Mu kuma da muka tashi da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba sai Bature ya koya mana cewa wannan zalunci ne ba.

Ingila ta yi dokar hana irin wannan kiwo a 2000. Ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi irin su PETA, wadda aka kafa a Amurka a 1980, suka yi ta zanga-zanga a ƙofar manyan kantuna, har manyan kamfanonin ɗinka tufafi suka fara janye jiki daga amfani da gashin dabba: Armani a 2016, Gucci a 2017, Versace da Chanel a 2018, Prada a 2019. Annobar korona ta ƙara wa wutar fetur. A Nuwamban 2020 Denmark ta ba da umarnin kashe mink wajen miliyan 17 saboda cutar ta shiga gonakin ta kuma dawo jikin mutane. Isra'ila ta hana sayar da gashin dabba don ado a 2021, jihar Kalifoniya ma ta hana sayar da sabo daga Janairun 2023. Amma ba duk Turai ce ta hana ba, kuma kasuwar tana nan da rai a Chaina.

Yanzu batun dilarka. Yawancin gashin da ke bakin hular jaket na roba ne, amma kada ka dogara da takardar da ke wuyan riga, domin a Ingila ma an sha kama kantuna suna sayar da na gaske da sunan na roba. Ka sa yatsu biyu ka buɗa gashin har gindinsa. In ka ga saƙar zare kamar bayan darduma, roba ce. In ka ga fata mai laushi, fara ko ruwan ƙasa, dabba ce. Gashin gaske yana sirancewa zuwa tsini, na roba kuwa bakinsa a yanke yake. In har yanzu kana shakka, tsinke sili uku ka kai wa ashana. Na dabba zai yi ƙauri irin na babbakar kan rago ya zama toka, na roba zai narke ya dunƙule ya yi tauri.

In ka samu na gaske, ban ce ka ƙona jarinka ba. Rigar gwanjo an riga an yi ta, sayenta ba ya sa a kashe wata dabba yau, shi ya sa dokar Kalifoniya ma ta ƙyale kayan da aka taɓa sawa. Abin da ke kanka shi ne ka faɗa wa mai saye gaskiya, mai so ya ɗauka, mai ƙi ka nuna masa wata.

Ƙanenka kuwa ya kwantar da hankalinsa. Fatar akuya da tunkiya da saniya daga dabbar da aka yanka don ci take fitowa, haka buzun da malamai ke zama a kai, haka fatar layya. Babu ɗaya daga dokokin nan da ta taɓa su, kuma fatar jar akuyar Sakkwato da majemar Kano ke gyarawa har gobe ana nemanta a Italiya. Gaskiya ne PETA ba ta son ko da fatar takalmi, a nan kam na rabu da su, domin jefar da fatar dabbar da aka riga aka ci namanta almubazzaranci ne.

Inda zan ja masa kunne shi ne fatar kada da mesa da damisa. Waɗannan namun daji ne, kuma CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji wadda Najeriya ke ciki, ta sa cinikinsu zuwa waje ƙarƙashin izini mai tsauri. Jaka ɗaya za ta iya sa a ƙwace kaya a filin jirgi. Sai kuma jakuna, da ake kwasa daga Arewa ana yankawa don a kai fatar Chaina a yi magani da ita. A Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a hana yanka jaki don fatarsa. Ka tambayi duk wanda ya je kasuwar dabbobi kwanan nan nawa jaki yake, ka ji yadda manomin da ke ɗaukar taki da shi ya kasa saye. In ƙanenka yana son sanin fatar da aka kawo masa ta wace dabba ce, cibiyar binciken fata ta NILEST tana nan Samarun Zariya, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna daga Kawo.